Kalangun Mahaifinki na Hannun Kamoru

Ibadan, ƙarshen Disamba

Zuwa ga Ayanronke, Iya Risi, ruwan farko mai wanke jajayen rufin Ibadan, inuwar bishiyar goro da tsakar rana, manjan da ke yawo a saman miya, tsawar da na aura da idona biyu kuma har gobe ban yi nadama ba.

Ki yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi, kin sani, kuma ni sai na furta kalma nake iya zana ta. To haƙorana biyu na gaba suna can cikin kwatar tasha, duk harafin da na kira sai ya fito da iska.

Ni na jawo wa kaina. Shekara tara ina kaɗa wa Alhaji Lasisi kalangu, babu wanda ya taɓa marina. Sai bana, da ɗan amshinsa Tiamiyu ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiyar kiɗan fuji, garin ya tsage biyu. Cikin Janairu Tiamiyu ya saki kaset ya kira maigidansa tsohon kada. Cikin Maris Alhaji ya rama, ya ce ƙadangare ne da ya sha ruwan kasko. Kafin damina ta tsaya masu sayar da kaset sun sa ƙofofin ƙarfe. Wanzamin layinmu ya kori mutum da rabin aski don ya ji shi yana rera waƙar Alhaji. Ranar Babbar Sallah aka farke cikin wani kwandasta a kan wane kaset za a sa a mota. A tsakiyar wannan wutar ni mijinki mai basira na koma wajen Tiamiyu, saboda leshi ɗinki biyu da alkawarin zuwa Landan. Kina tuƙa amala kika ce, “Baba Risi, kai ne ka ƙaura, hannunka bai ƙaura ba.” Na yi dariya. A lokacin ina da abin yin dariyar.

Sauran kin gani da idonki, amma bari in faɗa, don ki san na san abin da na yi. Bikin direbobi na ƙarshen shekara, rana ba ta ko faɗi ba. Kamoru shugaban tasha, wanda ya rantse zai mutu a kan Tiamiyu, yana tsakiyar fili yana juyi ana yi masa liƙi. Cikina cike, kiɗa ya yi daɗi, na lumshe ido. Sai hannun nan ya koma tsohon gidansa, ya kaɗa taken Alhaji Lasisi tun daga farko har ƙarshe. A garin da ko akuya tana jin abin da kalangu ke faɗi.

Duk filin ya juyo kaina. Kwalba ta fara zuwa, benci ya biyo ta. Aka kifar da lasifika a kan mai jita. Wani ya taka min baki da takalmi sau ciki, sau uku, kamar yana kashe kunama. Ina kwance ina haɗiyar jini na ga Kamoru ya fasa kwalba a jikin mota ya nufo wuyana.

Sai ga ki. Daga rumfarki, muciya a hannu, ɗankwali ya faɗi, kina ratsa ƙarti kamar ambaliyar kogin Ogunpa. Wace damisa ce ta taɓa shiga garke haka? Wane hadari ne ya taɓa haɗuwa da kyau irin naki a ranar? Kika tare kwalbar da damtsenki. Na ga naman ya buɗe, na ga farar rigarki ta rine. Kika ja ni ta wuyan leshin nan kina cewa, “Tashi, sakarai. Ba a nan za ka mutu ka bar ni da ’yan mata uku ba.”

Ɗinki goma sha bakwai aka yi miki, ko ɗigon hawaye ba ki zubar ba. Sai da kika tambayi ina kalangun, na sunkuyar da kai, sannan kika yi kuka. Kalangun mahaifinki, wanda ya rataya min a kafaɗa ranar aurenmu. Kin tuna zuwana gidanku koyon kiɗa? Kina zaune a gindin lemo kina shafa wa igiyoyinsa mai, kika ce kiɗana kamar akuya ta hau rufin kwano. Tun ranar na zama bawanki, ya sanyin asubata, ya barkonon da ke sa ni hawaye kuma nake ƙara loma.

Kin kwashe yara kin tafi garinku Iseyin. Gidan ya zama kalangu marar fata. Tiamiyu ya kore ni, Alhaji ya aiko a gaya min ya gode da tallar kyauta. Landan kuwa, na gan ta a kalanda.

Jiya na je wajen Kamoru, don shi ya ɗauke kalangun ranar rikicin. Ya ce, “Mai giɓi, kana son gangarka? Ka zo ranar Asabar kai kaɗai. Ka tsaya a rana tun hantsi har la’asar, taken Tiamiyu kaɗai. Hannun ya sake kuskure, ga maganinsa.” Ya nuna min guduma a kan benci.

Zan je, Ronke.

Ko na karɓo kalangun, da sauran bashi a kaina. Ɗinki goma sha bakwai ba abin da zan iya mayarwa ba ne. Kuma shekara goma sha ɗaya na yi wa direbobi take, na yi wa mahauta, na yi wa ɓarayin da suka liƙa min naira biyar, ke ban taɓa yi miki ba. Yanzu na yi. Gindin tukunyarki nake kaɗawa ina koyar da hannun, safe da yamma, har ya fara mance na Alhaji. Tsorona ɗaya: ranar Asabar in rana ta dake ni na lumshe ido, naki zai kaɗa. Kamoru bai san shi ba, amma zai san ba na Tiamiyu ba ne.

In na iso Iseyin ranar Lahadi da yatsuna biyar, ki buɗe ƙofa ki saurara. In na iso da ƙasa da haka, ki buɗe duk da haka. Da hagu zan kaɗa miki, ki ce akuya ta sake hawa rufi.

Naki har ranar da za a rufe ni, da haƙora ko babu,
Mufutau Alamu, Baba Risi