Na Cire Masa Hula Don Kada a Ƙirga Shi a Zongo

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Na fitar da baƙona daga gidana yana da rai, na ajiye shi a bakin tafki, ya mutu a can shi kaɗai. Damina uku ke nan. Ba wanda na faɗa wa. Kada ku zage ni sai kun ji ƙarshe. In kun ji kuka ga zagin ya dace, to ku haɗa min da shawara.

Ni mahauci ne a Zongon Lome. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wanda yake rubuta min wannan matafiyi ne, jibi zai hau jirgin ruwa, shi ya sa na zaɓe shi. Jaridarku tana iso mana cikin kayan fataken goro bayan ta tsufa da wata guda, wani tela yana karanta wa mutane a rumfarsa. A nan na ji ana kawo muku irin wannan magana. Sunayen da zan faɗa ba na gaskiya ba ne.

Shekarar da agana ta shigo gari, Nasara suka kewaye Zongo da igiya, suka sa gardi a kowace mashiga. Ba shiga, ba fita. Aka hana Juma'a. Ladan ya kira salla, kowa ya yi a ɗakinsa. Aka yi suna daga wanzami sai uban ɗa. Matanmu masu koko da ƙosai suka kife tukwane, don masu saye suna waje. Matan kasuwar Adawlato su kan zo su ajiye masara da kifi a ƙasa, su ja da baya, mu miƙa hannu ta ƙarƙashin igiya mu ɗauka. Gidan da aka sami mai ciwo, a ɗauke shi a kai rumfunan bayan gari da suke kira lazare, a ƙone tabarmarsa da tufafinsa a tsakar gida. Wanda ya mutu a can ba wanka, ba salla, farar ƙasa ake zuba masa a rufe. A babbar mashiga suka kafa baƙin allo. Kullum da safe malamin asibiti ya zo da alli. Gefe ɗaya yana zana sanda ga kowane sabon mai ciwo, ɗaya gefen yana zana kwanakin da aka yi ba a sami kowa ba. Aka ce in kwanakin suka cika mako biyu za a kwance igiya. In aka sami mutum ɗaya, a goge, a koma farko. Ban iya karatu ba, amma wannan allon na iya shi. Kowa ya iya shi. Tsofaffin da ba sa gani su kan aiko a ƙirga musu.

Sau biyu ana gogewa. Na biyun daga gidana ne. 'Yata Rabi, shekararta shida. An kai kwana tara a allo suka zo suka ɗauke ta, ba ta dawo ba, ban san inda aka sa ta ba. Mutum huɗu ne suka yi min gaisuwa, su ma daga nesa. Sauran in na wuce sai hira ta tsaya. Na ji da kunnena wata mata tana cewa gidan mahauci ya jawo wa mutane wani mako biyun. Me zan ce? Gaskiya ta faɗa.

Ni ciwon ba ya kama ni, na yi shi ina yaro, ga zanen nan a fuskata. Saboda haka aka ba ni takardar wucewa, ina zuwa mayanka, ina tura amalanke da fatu in kai inda ake shanya su ta wajen tafkin Bè.

A gidana akwai baƙo, Isiyaku, ɗan koli, Bazazzagi. Turare yake sayarwa, da kwalli, da allura. Ya sauka wurina kafin ciwon, igiya ta rufe da shi. Ku kun san abin da maigida yake ga baƙo a zango. Kansa da kayansa amanarka ne har ya tashi. Ni kakannina Kanawa ne, don haka kullum muna wasa. Ba ya kira na maigida sai in yana jin yunwa, sauran lokaci Bakano, ko bawana. Ranar da aka ɗauke Rabi shi ne ya zauna da ni a zaure har la'asar, bai yi wasa ba, bai yi wa'azi ba.

An kai kwana goma sha biyu a allo. Mata sun fara wanke tukwane. Da safen nan Isiyaku bai fito ba. Na leƙa, na same shi kwance jiki kamar garwashi, ya ce kwana uku ke nan yana ɓoye zazzaɓin. Na ce ya buɗe baki. Na gani. Na duba goshinsa, ƙuraje sun fara fitowa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa, kuma zan faɗa muku gaskiya, ba shi nake tunani ba. Allon nake gani, da tsumman da ake goge shi. Gidan mahauci kuma? Sau biyu?

Da rana tsaka, lokacin da gardi suke neman inuwa, na shigo da amalanke har ƙofar ɗakinsa. Na ce zan kai shi wurin wani mai magani a waje, ya fi lazare. Ya dube ni da jajayen idanu.

"Bakano, ko a kan gawa sai ka yi ciniki?"

Na ce ya hau. Ya hau da ƙafarsa. Na rufe shi da ɗanyun fatu. A mashiga gardin ya toshe hanci, ya ce da yaren Mina na 'yan gari ranar da na mutu ungulu za su riga mutane zuwa gaisuwa, ya kaɗa min hannu in wuce. Na yi masa dariya. Na tura.

Na kai shi gindin wata kwakwa a bakin tafki, kusa da bukkokin masunta. Na sauke shi, na ajiye masa ruwa a ƙwarya. Da nan na tsaya, da laifin ɗaya ne. Amma na san duk wanda ya tsince shi da hula da riga 'yar shara zai ce mutumin Zongo ne, a zo a zana shi a allonmu. Sai na cire masa hula. Na cire riga da wando. Na tsinke layar wuyansa. Na ɗaura masa wani tsohon zane irin na mutanen bakin teku, wanda na taho da shi tun daga gida. Ku lura, tun daga gida. Ba can dabarar ta zo min ba. Bai hana ni ba, hannu ma ya ɗaga min in zare rigar. Sai da na kama carbin da ke hannunsa ya riƙe.

"Maigida, har shi?"

"Har shi."

Ya saki. Ya ce to in juya shi gabas. Na juya shi. Ya tambaya kwana nawa ya rage a allo, na ce biyu. Ya ce Allah ya cika. Ban san ko da zuciya ɗaya ya faɗa ba, ko wasan ne na ƙarshe. Na ɗauki amalanke na kai fatu inda ake shanya su, na dawo gida kafin la'asar. Na ƙone tufafinsa a murhu. Matata tana tsaye tana gani. Ta kawo tuwo ta ce in ci, na ci. Daga ranar har yau ba ta ambaci sunansa ba.

Washegari ban bi ta wurin ba. Rana ta uku na ji a mayanka an tsinci gawar wani da ba a san shi ba a bakin tafki, an zuba masa farar ƙasa, an ƙirga shi a unguwar Bè. Aka kewaye bukkokin masuntan da igiya, aka ƙone na kusa da wurin. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A ranar aka kwance tamu. Aka yi kiɗa, mata suka yi guɗa, Juma'a ta cika har kan titi. Na yi salla a sahu na biyu. Mutanen da suka daina gaishe ni suka dawo suna sayen nama. Da aka tambayi Isiyaku na ce ya sulale ta ƙarƙashin igiya ya nufi garin Keta. Wasu suka ce bai kyauta ba, wasu suka ce wayon Zage-zagi ke nan.

Ina jin mutane suna cewa mai irin wannan laifi ba ya barci. Ni ina barci. Ina cin abinci, ina yanka, ina fiɗa. Ban yi mafarkinsa ba ko sau ɗaya. Ban yi kuka ba, na Rabi ma ban yi ba. Wannan lafiya ce, ko kuwa hukuncin ke nan an riga an fara?

Da haka zan mutu da maganar, sai ga yayarsa. Watan jiya ta sauko daga jirgin ƙasa tana tambayar gidan mahauci Bakano. Asabe sunanta, ta manyanta, ƙafa ɗaya tana ja. Ta yi wata biyu a hanya, wani wuri mota, wani wuri ƙafa. Inda ɗan'uwanka ya sauka nan kake sauka, don haka ɗakinsa na ba ta. Ta kawo min kuka da daddawa. Ta durƙusa ta yi min godiya, ta ce Isiyaku ya taɓa aiko da saƙo cewa ya sami maigida, Bakano ne amma mutum ne. Ta yi dariya, na yi. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Matarsa tana can gida da yara biyu, ita ba mai aure ba, ita ba mai takaba ba. An ce a kai maganar gaban alƙali a raba auren, ta ƙi, ta ce sai an gaya mata ko yana raye. Uwarsu ta makance, duk sallamar da aka yi sai ta tambaya ko shi ne.

Na maimaita mata maganar Keta. Na ɗauko akwatin kolinsa, tun ranar ban buɗe ba, na ajiye a gabanta. Ta shafa murfin, ta daɗe.

"Maigida, ka taɓa ganin ɗan koli ya yi tafiya ya bar akwatinsa?"

Na ce igiya ce, Yaya, mai sulalewa ba ya ɗaukar kaya. Ta ce haka ne. Amma tun ranar in ina alwala sai in ji idonta a bayana.

Kullum da safe tana jan ƙafa zuwa kasuwa, ta tsaya gaban 'yan koli tana duba fuskoki. Ba ta jin Mina, ba ta jin Faransanci, sunansa kawai take faɗa. Da yamma ta dawo ta taya matata tsintar wake. Ta ce za ta yi babbar Salla a nan, sannan ta bi bakin teku zuwa Keta. In ba ya can ta wuce Ankara, in ba ya can Kumasi. Na dubi ƙafar nan tata. Ba za ta kai Kumasi ba.

Na tambayi wani malami a kaikaice, na ce mutumin da aka binne ba salla fa? Ya ce in an tabbatar ya mutu ana iya yi masa daga nesa. To ni kaɗai na tabbatar. Damina uku ba wanda ya ce Allah ya ji ƙansa, don a wurin kowa yana Keta yana sayar da turare.

In na faɗa, matarsa za ta yi takaba ta san matsayinta, a yi masa salla, tsohuwar nan Asabe ta koma gida. Ni kuma na gama a Zongo. Ba wanda zai ci yankan mutumin da ya tuɓe wa baƙonsa riga ya yar. Magana za ta kai wurin Nasara, za ta kai Bè. Gidan yari ba ya ba ni tsoro sosai. Na yi tunanin in ce mata labari ya zo ya mutu a hanya, in tsaya nan. Amma za ta tambayi wanda ya kawo labarin, da inda kabarin yake, kuma ita ba mai barin tambaya a rabi ba ce. Bakina ma na gwada, sau biyu ina cewa "Yaya" ta amsa, sai in tambaye ta ko ta ci abinci.

Na ƙirga, in kun buga wannan da wuri amsarku za ta iya iso ni kafin Salla. Ina nan a gidan. Ina zuwa mayanka da safe, ina dawowa da azahar. Ita tana ɗakinsa, jiya ta ba da takalmanta a sake musu ƙasa saboda tafiyar.

Me zan yi?