Gurbin Kaka a Kwanar Ƙarshe

Zuwa ga Kaka, tsohon da ya ƙi tashi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, amma daga tsaye, kada in saba maka da durƙuso. Ya jiki, ya ƙugun da aka yi wa aiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe min da amaryata, ka gaya mata in ka ci gaba da kwanciyar nan zan zo in ɗauke abata.

Goggo ta ce likita ya yi magana har ya gaji: in ba ka riƙa taka ƙafar nan ba za ta sandare, ka zauna ke nan har abada. Ta ce sandar da aka saya maka tana bayan ƙofa, ta zama maratayar hula. Ni dai ba wa'azi na zo yi ba, labari na kawo maka.

Shekaranjiya gardama ta kaure a shagonmu na aski kan wasan da ya fi daɗin kallo. Maigidana ya ce a ɗaga hannu. Ƙwallo ta kwashe kusan kowa, har wanda nake yi wa aski ya fizgo hannu daga ƙarƙashin ƙyalle, na kusa cire masa kunne. Dambe ya biyo baya, sai kokawa, sai tseren motoci. Da aka zo kan sukuwa mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, shi ma da muka duba ashe miƙa yake yi. Wani direba ya ce sukuwa atishawa ce kawai: ka yi wanka, ka sa manyan kaya, ka wuni a rana, kafin ka gyara hula an gama.

Na so in kare ka, kai mai son sukuwa, wallahi ban sami abin faɗa ba.

Jikanka da ya fi ka kyau,
Tsinke

*

Zuwa ga Tsinke,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, da rubutunka mai kama da sawun kaji. Kakarka tana amsawa, ta ce ka fara yin ƙiba tukuna.

Ka gaya wa masu ɗaga hannun shagonku ba su taɓa kallon komai ba. Kuna zaune gaban gilashi kuna yi wa ƙattin da ba su san da ku ba ihu. Shi mai kallon sukuwa na gaske ko rumfa ba ya zama, rumfa ta baƙi ce da masu ɗaukar hoto. A kwanar ƙarshe ake tsayawa, jikin ƙarfen shinge. Nan mahayi ke sakin linzami, nan dokin da ya ɓoye ƙarfinsa ke fito da shi. Ƙasa tana girgiza har ka ji a haƙoranka, kana jin hucinsu a fuska. Gurbina yana nan daidai gindin bishiya tun ubanka bai iya ɗaura wando ba.

Zancen ƙafa kuwa, tawa ce. Mota ba ta kaiwa kwanar nan, tafiya ce mai nisa daga ƙofar fili. Ba zan je ina jan ƙafa mutane suna yi min sannu ba. Na yi kallona na ƙoshi.

Allah ya shirye ka.
Kakanka

*

Kaka, ranka ya daɗe,

Sallama da gaisuwa. Ka gyara zama, ko da yake na san a kwance kake.

Ranar Asabar na je filin naku in ga abin da ke girgiza haƙora. Na hango kwanar, na ga nisa, na ga rana, sai na shige rumfa abina. Can sai ga dawaki sun fito a jere, wani fari tas yana gaba yana rangaji. Na miƙe na hau benci ina ihu, "Fari ya ci! Fari ya ci!" Wani dattijo ya ja min riga ya ce, "Yaro, sauko, tafiya suke wurin da za a sake su." Na ce to, ashe motsa jiki ne, ai irin wannan sai 'yan wasa sun koma ɗaki sun sha ruwa. Na fita neman ruwan sanyi. Ina cikin jiran mai ruwa sai na ji fili ya ɗauki ihu. Kafin in dawo da gudu har an fara goge wa dawakin gumi. Na tambayi dattijon yaushe za a dawo zagaye na biyu. Kaka, har hularsa ta faɗi don dariya.

Ya ce ɗan gidan wa ne ni. Ni kuma ka san ba na ɓoye asalina, na faɗi sunanka da ƙarfi.

Kafin a tashi labari ya kai kwanar ƙarshe. Abokinka Tela ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin bishiyarka, ya rataye lemarsa a ƙarfenka, samari sun kewaye shi yana koya musu kallo. Ya ce in gaya maka ya riƙe maka wurin, tunda ka koma kallon silin. Wai dama shi ya nuna maka kwanar tun farko.

Ni dai a shago na ƙara wa ƙwallo ƙuri'a.

Naka,
Tsinke

*

Tsinke,

Ina gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Wasan jika da kaka yana da iyaka. Na ɗauka Baba zai yi faɗa in ya karanta takardarka, har na ji daɗi, don faɗan ma motsi ne. Sai kawai ya ninke ta ya juya ya fuskanci bango. Abincin rana haka na ɗauke shi, na yamma ma cokali biyu. Da la'asar ya tambaye ni, "Da gaske Tela ya ce na koma kallon silin?" Na ce ai ka san Tsinke da ƙarin gishiri. Ya ce, "Ko ƙarya ce, ai silin ɗin nake kallo."

Kai ba ka gan shi ranar da ya gwada miƙewa a asibiti ba, ƙafar ta ƙi, ya zube a hannun ma'aikaciya. Tsoro ne yake ji, ba taurin kai ba. Ka san yadda za ka gyara abin da ka ɓata.

Goggonka

*

Kaka,

Assalamu alaikum. Yau a durƙushe nake gaishe ka, Goggo ta wanke ni tas.

Na sake komawa filin. Wannan karon na taka har kwanar, na matse kusa da Tela. Da suka karyo kwanar nan ban san lokacin da na riƙe ƙarfe da hannu biyu ba. Ƙasa ta tashi min a fuska, wani mahayi ya wuce yana yi wa dokinsa magana kamar mai lallashin yaro. Sai dai ban gane komai ba. Kowa yana cewa tun daga nan aka san wanda zai ci, ni ƙafafu kawai na gani. Na tambayi Tela, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Wannan sai kakanka. Shi tun daga kunnen doki yake ganewa." Kuma duk wanda ya zo wurin sai ya tambaye ni jikinka.

Maigidana yana da keken guragu na mahaifinsa, ya ce zai ara min. Zan tura ka har gindin bishiya, wanda ya yi maka sannu in yi masa aski da tsohuwar reza. Ƙwallo dai tana nan a ta ɗaya, kada ka ɗauka na tuba.

Jikanka,
Tsinke

*

Tsinke,

Ka mayar wa maigidanka kekensa da godiya. A zaune ba a ganin kunnen doki, ƙarfen shinge zai tare ni.

Jiya na kai ƙofar gida, yau na kai bakin titi. Goggonka tana biye da ni tana kuka, sai ka ce wani abu aka yi min.

Asabar mai zuwa ka zo tun da hantsi, don tafiyar za ta ɗauke mu lokaci, kuma zan riƙa tsayawa. In na tsaya kada ka ce min komai. Ka tsaya ta haguna, ƙafar hagun ce ba ta jin magana.

Kakanka