Malam Sani Ya Tashi Kafin Zubi Na Uku

Ƙofar Durbi, Katsina

Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina Anti Hadiza da yara? Mu nan sai godiya.

Ganyen shayin da ka aiko ya iso, ƙamshinsa har zaure. Amma Baba ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Ka san zamansu na la'asar da amininsa Malam Sani: buta kan gawayi, zubi uku, ba mai tashi sai an sha na ƙarshe mai zaƙi. To, tun da sojoji suka ce za su miƙa mulki, Baba da Malam Sani kowa ya kama jam'iyyarsa. Ran Talata gardama ta yi zafi. Malam Sani ya kurɓi zubin farko mai ɗacin nan, ya kife kofin, ya ce, "Alhaji, na ƙoshi." Ya sa takalmi ya fita. Tun muna yara bai taɓa yin haka ba.

Daga ranar Baba bai sake hura gawayi ba. Shayin ne ke buɗe masa ciki, yanzu tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Jiya jininsa ya hau, sai da muka kai shi asibiti.

Gobe zan ɗebi ganyenka da na'ana'a in kai wa Malam Sani, in ce Baba ne ya aiko ni. Inna ta ce in suka gane, abin zai fi na da muni. Zan je duk da haka.

Ka gaida mini kowa. Ka sa mu a addu'a, Yaya. Allah ya rufa wa ƙaryata asiri.

Ƙanwarka,
Binta