Kusurwar da Hantsaki Ya Riƙe

Litinin, 2 ga wata

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina miki gaisuwar uba ga 'yarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu, ni da mahaifiyarki.

Bayan haka, ƙunshin da kika aiko ya iso jiya da ƙarfe huɗu da minti goma. Na tarar da gilasai biyu, kowanne bai fi faɗin akwatin ashana ba, an shafe fuskarsa ɗaya da wani abu baƙi ƙirin, sai 'yar takarda mai layi shida. Layi shida, Auta, a kan aikin da kika ce digirinki na uku ya rataya a kansa! Shekara talatin da huɗu na yi ina riƙe da ɗakin gwaje-gwaje na kwaleji, ban taɓa karɓar samfur da bayani irin wannan ba. Da ɗalibi ne ya miƙo mini, da ya koma da abinsa.

Ga abin da na tsinta a ciki. Baƙin abin nan shi ne ferobiskait ɗin da kike nazari, mai juya hasken rana ya zama lantarki. Kina so in ajiye gilasan a tagar ɗaki irin na kowa har kwana talatin, ina rubuta launinsu kullum. Na karɓi aikin. Na sayo sabon littafi, na ja masa layuka da rula: kwanan wata, lokaci, zafi, laima, launi. Na jera su a tagar ɗakin karatuna kusa da ma'aunin laima, kuma na hana mahaifiyarki shara a ciki. Ta ce to, wani aiki ya ragu.

Kada ki kira ni a waya kan wannan batu. Abin da aka faɗa a waya ba ya da kwanan wata, ba ya da sa hannu.

Sai kuma abin da ba zan iya haɗiyewa ba. Lambobin da kika manna a karkace suke. Bakwai ɗinki har yau kamar ɗaya yake, duk da abin da na sha gaya miki tun kina aji uku. Audugar da kika naɗe su da ita ta yi kaɗan. Gilashi na biyu kuwa ya iso dushi-dushi, kamar an hura masa numfashi an bar shi, abin da ba a yi a ɗakin gwaje-gwajen da ya san kansa. Na daidaita abin da ya kamata a daidaita kafin in buɗe littafi. Ki riƙa kula.

Allah Ya yi miki albarka. Mahaifiyarki na gaishe ki.

Naki,
Baba

*

Juma'a, 6 ga wata

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, a gaida Mama da kyau. Na gode ƙwarai, na san ba wanda zai riƙe littafin nan kamar kai.

Tunda layi shida sun yi kaɗan, ga ƙari. Abin nan a cikinsa tsari ne kamar ɗakuna 'yan mitsi-mitsi jere da juna, darma a tsakiya, sinadarin aidin kewaye da ita. Muddin ɗakunan na tsaye, baƙi ne, yana shanye kusan duk hasken da ya faɗo masa, hasken kuma ya tunkuɗa lantarki ya tsallake 'yar tazarar da ke gabansa. Da laima ta shiga sai ɗakunan su rushe, ya koma rawaya, tazarar ta yi faɗi, yawancin hasken ya wuce a banza. Cutarsa ke nan a duk duniya, ita nake nema wa magani.

Ɗaya daga cikin gilasan na yi masa maganin, ɗayan ban yi ba. Ba zan gaya maka wanne ba, don kada idonka ya yi son kai. A ɗakin gwaji abin ya yi, amma mai jarrabawar da aka gayyato daga waje ya ce sai ya ga ya jure iskar gida. In ya jure, zan kare aikina ranar biyar ga watan gobe. In bai jure ba, babi na ƙarshe ya faɗi, sai wata shekara. Injin da muke shafa su da shi ya lalace, don haka su biyun nan ne kaɗai suka rage mini. Don Allah kada kowa ya taɓa samansu.

Ina sauri, ana jirana.

Taka,
Auta

*

Laraba, 11 ga wata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da fatan alheri.

Na samu takardarki. Bayanin ya fi na farko, ko da yake "ɗakuna 'yan mitsi-mitsi" ba magana ce ta mai neman digiri na uku ba. Na je ɗakin karatu na gari na duba da kaina. Tazarar da kike nufi kusan ɗaya da rabi ce a ma'auninku idan abin yana baƙi, ta haura biyu idan ya lalace. Me ya hana ki rubuta lambobin?

Ba na jin daɗin abin da zan sanar da ke, amma ba a ɗauke ni aiki don in faranta rai ba. Ina duba gilasan kullum da ƙarfe takwas daidai. Kwana huɗu na farko dukansu baƙaƙe ne. Daren rana ta biyar aka yi ruwa, laima ta kai kashi saba'in da takwas. Rana ta shida na ɗaya ya fara ja-ja a gefuna. Na biyu ya bi shi a rana ta bakwai. Yau, rana ta goma, duka biyun rawaya ne kamar ƙwaiduwa, kuma idan na ɗaga su ina hango ƙarfen taga ta cikinsu. Bambancin kwana ɗaya ne tsakaninsu, ban ga abin da za a kira magani ba.

Abu ɗaya ya dame ni a littafin. A kusurwar hagu ta sama ta gilashi na biyu akwai tabo baƙi, kamar girman farcen ɗan yatsa, ya ƙi canzawa. Ya ɓata mini layin launi, don dole kullum in rubuta "rawaya, ban da kusurwa". Ina kyautata zaton shafin ne ya yi kauri a wurin. Wannan ma rashin natsuwar hannu ne.

Mahaifiyarki ta ce in sassauta harshe. Na ce mata ma'auni ba ya da harshe.

Naki,
Baba

*

Asabar, 14 ga wata

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta, na gode da ka faɗa mini gaskiya.

Na biyun ne mai maganin. Wani siririn rufi ne nake shimfiɗawa a samansa don ya tare laima, bai kai kaurin gashi ba ko kusa. Ido ba ya ganinsa sosai, sai dai ka ga gilashin ya yi ɗan dushi-dushi. Shekara uku, Baba, ina bin wannan dushi-dushin. Sau ɗari biyu da wani abu na gwada kafin ya zauna. Ashe kwana ɗaya kawai yake ƙarawa.

Ranar Alhamis zan je wurin Farfesa mai duba aikina in ce a janye sunana daga jerin masu karewa. Ba sai ka ci gaba da rubutu ba. Ka ce wa Mama kada ta kira ni yanzu, zan kira ta in na iya magana.

Auta

*

Litinin, 16 ga wata

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Wannan takarda zan ba maƙwabcinmu direba ya kawo miki hannu da hannu, domin ta riga Alhamis. Kada ki je wurin Farfesa kafin ki karanta ta. Har ƙarshe, Auta.

Na karanta wa mahaifiyarki wasiƙarki a falo. Da na zo kan kalmar "dushi-dushi" sai na sauke takardar. Ta ajiye ɗinkin da ke hannunta ta dube ni.

"Malam, ba shi ne ka goge ba?"

Na ce ban goge ba, tsabtacewa na yi.

"Oho. To da me ka tsabtace?"

Na ce da ƙyallen tabarau, da ɗigo biyu na ruwan wanke madubin na'ura, kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

"Ina tsaye a bakin ƙofa fa. Har huci ka yi masa, kana cewa yarinyar nan ba za ta taɓa koyon tsabta ba. Kai da ko cokali aka miƙo maka sai ka ɗaga shi a haske! Shekara arba'in ina wanke kofi kana sake wankewa, na yi shiru. Yau ga shi ka wanke wa 'yarka digiri."

Na ce mata a lokacin ba a riga an ce kada a taɓa ba, gargaɗin ya zo ne a takarda ta biyu. Ta ce, "To da ya zo, ka faɗa?" Ban faɗa ba.

Saboda haka ga bayani a tsare. Ranar Lahadi, ɗaya ga wata, da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, na ga saman gilashi na biyu ba ya sheƙi kamar na ɗaya. Na ɗauka datti ne. Ban sa masa yatsa ba. Na naɗe bakin hantsakina da takarda mai laushi, na kama shi a kusurwar hagu ta sama, na goge sauran fuskar sau uku, daga sama zuwa ƙasa, har ta yi ƙyalli. Na ji daɗin aikina. Ban shigar da shi a littafi ba, domin a ganina littafi yana farawa ne daga rana ta ɗaya, wannan kuwa share fage ne. Na kori ɗalibai daga ɗakin gwaji a kan abin da bai kai wannan ba.

Gaskiya ne na ambata a wasiƙata ta farko cewa na daidaita wani abu, kuma da kin karanta da kyau da kin tambaya. Amma ba zan fake da wannan ba. Maganinki bai faɗi ba, ba a ma gwada shi ba. Ni na cire shi da hannuna. Ki nuna wa Farfesa takardar nan. Idan yana so in zo in tsaya gaban kwamiti in maimaita, rigata a goge take.

Ban saba neman gafarar 'ya'yana ba, ban san yadda ake tsara ta ba. Ki yafe mini.

Mahaifinki

*

Alhamis, 19 ga wata

Baba!

Na yi kuka, na yi fushi, na zagaya ɗaki ina magana ni kaɗai. Sai na sake karantawa, a karo na uku na tsaya a kan hantsakin. Kusurwar hagu ta sama. Na ɗauko wasiƙarka ta ranar sha ɗaya. Baba, tabon da ya ɓata maka layi! Wurin da hantsaki ya rufe ne, ƙyallenka bai kai can ba. Rufina yana nan a wurin, shi ya sa ya ƙi yin rawaya.

Na ruga ofishin Farfesa da takardun biyu. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce gilashi ɗaya, taga ɗaya, iska ɗaya, gefe mai rufi da gefe marar rufi: mai jarrabawa ba zai iya cewa wai dama gilasan biyu sun bambanta ba. Ya ce mu da muke da digiri ba mu yi tunanin wannan ba. Sunana na nan a jeri, in dai kusurwar ta kai kwana talatin tana baƙa.

Abu biyu yake so. Ka ci gaba da littafin, ka riƙa auna tabon da rula ba tare da ta taɓa shi ba. Sannan ka rubuta yadda ka goge, ka sa hannu, za a liƙa a ƙarshen kundina. Kowa zai karanta, Baba, har ɗalibanka na da.

Ni ma ga tawa. Idan wasiƙarka ta kai wurin "abin da ba zan iya haɗiyewa ba", tsallakewa nake yi. Tun ina sakandare. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini.

Ka ba Mama ƙyallen nan ta ajiye.

Taka,
Auta

*

Talata, 31 ga wata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, da gaisuwa.

Rana ta talatin, ƙarfe takwas daidai. Laima kashi saba'in da ɗaya. Kusurwa baƙa ƙirin, tsawo milimita tara, faɗi bakwai, kamar yadda take tun ranar da na fara aunawa. Bayanin da Farfesa ya nema yana haɗe, shafi biyu, da sa hannuna da kwanan wata. Ban rage komai ba, har hucin.

Batun tsallake wasiƙuna tun sakandare, za mu zauna a kansa bayan ranar biyar ga wata.

Mahaifiyarki ta kulle ƙyallen a akwatinta, ta rataya makullin a wuya, abin da nake gani ya wuce kima.

Akwai ƙwayar ƙura guda ɗaya da ta sauka a tsakiyar kusurwar tun ranar Laraba. Ina ganinta kowace safiya. Na shigar da ita a littafi. Ban taɓa ta ba, ban hura ta ba, hannuwana a baya nake dubawa. Ki zo ki ɗauki abinki gobe, kada ki kai jibi.

Allah Ya ba ki sa'a.

Naki,
Baba