Mijina zai sayar wa yayana ƙunshin tsabar kuɗin da aka damfare shi da su

Assalamu alaikum 'yan gurup. Admin a sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Tasawa, 'ya'yana uku, maigidana mushe ne a lakwal, wato malamin makaranta, mutumin da ko magana ka yi sai ya gyara maka faransancinka. Bana kowa ya san yadda ruwa ya ɗauke hatsi bai gama ido ba, ɗan abin da muka samu a gonarmu ta Kona ko rabin rumbu bai kai ba. A haka wai mai ilimin nan ya shiga wani gurup na WhatsApp inda wani ke tallar tsofaffin tsabar kuɗi, an naɗe su a takarda kamar kyandir, da hatimi, wai tun zamanin Nasara suke ajiye a banki ba wanda ya taɓa buɗewa. Mai tallar ya sa bidiyo yana fasa ɗaya azurfa na zubowa, yana cewa tunda sojoji suka hau za a canja kuɗinmu na sefa, Turawa na neman irinsu ido rufe.

Na ce wa maigidan mai azurfa ba ya tallarta a waya, ya ce me na sani ni da ban wuce aji shida ba. Ya kwashi hatsinmu ya kai kasuwa, ya tura kuɗin, aka aiko mashi ƙunshi goma a mota. Mai tallar ya ja mashi kunne kada ya buɗe, wai darajarsu za ta faɗi, shi ko ya sa su a akwati yana lallaɓawa kamar ƙwai.

Ranar da ya tafi aiki na fasa ɗaya. Jama'a, tsohon kuɗi biyu ne kawai, ɗaya kowane baki, tsakiya duk dala-dala ce ta sefa da ƙarafuna masu huji irin na masu gyaran moto, takardar ma da ƙaro aka liƙe ta, bai ko gama bushewa ba. Da ya dawo na zube mashi su a tabarma. Ya kira mutumin, lamba ba ta shiga, an ma fidda shi daga gurup ɗin.

Da nan abin ya tsaya da na yi haƙuri, wauta ba a kansa aka fara ba. Amma jiya na same shi zaune da ƙaro yana mayar da liƙin wanda na fasa. Ashe ya kira yayana na Kanan-Bakashe, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, ya zuba mashi zancen da aka zuba mashi, har da bidiyon, wai zai sayar mashi su. Yaya bai yi boko ba, ya ɗauka duk abin da mushe ya faɗa gaskiya ne. Ɗazu ya kira ni da murna yana cewa, "Ƙanwata, Allah ya saka wa mijinki, ranar kasuwa zan kai san amalanke in sayar in kawo kuɗin." Wannan san, bijimin da ke jan amalankensa, da shi yake ɗebo ruwa yana ci da iyalinsa.

Na yi wa maigidan magana, ko kunya babu ya ce ai kasuwa ce, yadda ya saya haka zai sayar, kuma in na buɗe baki a bakin aurena. Wallahi yanzu ko tuwo na ajiye mashi ba na son kallon fuskarsa.

Kasuwar jibi ce. In kira Yaya in faɗa mashi kome, in kwashi 'ya'yana in tafi gidansa inda su ma hatsin bai ishe su ba? Ko akwai dabarar da zan hana Yaya sayar da san nan ba tare da igiyata ta tsinke ba? Ku da kuke waje, me zan yi?