Bindigar da Ke Bin Motar Ƙanena

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sulhu da Tsaro na wani ƙauye a ƙasar Gwandu, kan hanyar Dodoru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da dattawan kwamitinka, da fatan iyali suna lafiya, an kuma fara girbi lafiya. Ban ambaci sunanka ko na ƙauyenku ba domin ba tozarci ya kawo ni ba. Kai ka san da kai nake, duk wanda ya zauna a gindin durumin ƙofar gidanka ranar sulhu ma ya sani. Sunana Haruna, direban haya a tashar Kalgo, ko in ce tsohon direba. Da babban yatsan hagu nake danna wannan wasiƙa a waya, in ka ga ta yi tsalle-tsalle a yi mini uzuri. Na zo gidanka an ce kana gona. Na aiko kawuna, ka ce masa magana ta riga ta wuce. Shi ya sa na fito da ita fili.

Na ɗaya, abin da ya faru, saboda masu karatun da ba su sani ba.

A ƙauyenku akwai Alhaji Ummaru, mai sayar da hatsi, mutumin kirki, har yau ban janye wannan shaida ba. Ya binne 'ya'ya maza tun suna ƙanana, ɗaya ya rage masa, shi ne ake kira Abarshi. Abarshi ya wuce shekara ashirin, har gemu ya fara, yana karatu a Kalgo. Amma bai taɓa hawa babur ba, bai taɓa shiga rafi ba, ko fura ya saya a kasuwa sai uban ya fara kurɓa. Mu a tasha Kwalba muke kiransa, don kowa ya san yadda ake ɗaukar kwalba. Ranar da zai koma gida Alhaji ba ya yarda ya shiga motar layi. Waya yake yi ya ɗauki shatar mota guda, a tura masa hoton lambar motar da na fuskar direba, sannan ya yi ta kira har a iso. Mukan yi dariya, mu kuma yi rububin aikin, don Alhaji ba ya ciniki.

A daminar bara, wata Laraba bayan azahar, abokin aikina Sani ne ya ɗauko shi. Sun bar kwalta sun hau burji sai lagireto ya fashe. Ni kuma ina tafe a bayansu da fasinja biyu, wasu dattawa manoma da suka dawo daga kasuwa. A sana'armu in motar ɗayanmu ta lalace a daji, juye fasinjansa yake yi a motar ɗan'uwansa. Haka muka tarar ana yi, ba wanda ke neman izinin kowa. Abarshi ya shiga baya, ya zauna tsakanin dattawan nan biyu saboda buhunansu sun cinye kujerar gaba.

Wayarsa ta yi ƙara, kafin ya ɗauka ta yanke saboda rashin sabis, ta sake yi. Ɗaya daga cikin dattawan ya tambaye shi ko amarya ce. Ya ce Baba ne. Suka kwashe da dariya, suka ce ko mama za a ba shi ta waya. Yaron ya ji kunya ya kashe wayar gaba ɗaya. Sani kuwa yana ƙarƙashin mota, tasa wayar tana kan kujera. Alhaji ya kira ɗa bai samu ba, ya kira direba ba a ɗauka ba, sai ya ɗauki bindiga ya hau babur ya biyo hanya.

Mun haɗu a kwalbatin da ke kafin ƙauyenku, inda dole mota ta rage gudu. Gero ya yi tsawo dama da hagu. Abin da ya gani shi ne motar da ba ta cikin hotonsa, da ɗansa a tsakanin mutum biyu masu rawani. Abin da ni na gani shi ne dattijon da na sani, ya tsaya daidai tagata. Ba a gaida babba da hagu, don haka na saki sitiyari na ɗago hannun dama ta gaban ƙirjina zuwa taga. Ban ma kai ga buɗe baki ba.

Ban ji zafi ba a lokacin. Na dai ji kamar an watsa mini ruwan ɗumi, sai kuma muryar Abarshi yana ihu: "Baba, Haruna na! Haruna na ka halbe!" Daga baya Alhaji ya gaya muku ya zaci makami na ɗago. Na yarda da shi.

Na biyu, halin da nake ciki.

Likita ya nuna mini abin da ya ciro a wani ɗan kwano. Ƙwayoyin boris ne, irin na ƙafar babur, na gane su tun kafin ya faɗa. Wasu suna nan a kafaɗa, an ce barinsu ya fi cire su. Hannun bai yanke ba, yana nan cikin hannun riga kamar na kowa, amma daga gwiwa zuwa yatsu ba nawa ba ne. Kwanaki na jingina shi da butar shayi ina hira, sai da maiɗakina ta ji ƙauri ta fito da gudu. Da hagu nake cin abinci. A wajen suna ko ɗaurin aure nakan ce na ƙoshi, don na gaji da yi wa baƙi bayani.

Mutane suna tambayata ko ina fushi. Na duba, ban samu ba. Ba na fushi, ba na kuka, ba na ma mafarkin abin. Nakan zauna a bencin tasha daga safe zuwa la'asar, ana lodi ana tashi, ina kallo kamar kasuwar wani gari. Maiɗakina ta ce da ma in riƙa faɗa da ita kamar da, wai ya fi mata wannan shirun.

Na uku, sulhun da kuka yi.

Ranka ya daɗe, kai ka san inda bindigar ta fito. Lokacin da aka kore shanun wani ƙauye kusa da ku, kwamitinka ne ya ce duk magidanci mai hali ya je wajen maƙeri. Ban ga laifinku ba, tsoro ba ƙarya ba ne, mu da ke bin hanya mun fi kowa saninsa. Amma an ce bindigogin za su zauna a ɗakin 'yan sintiri, a fito da su in an yi gangami. Ba a yi wata guda ba kowa ya kwashe tasa ya kai ƙarƙashin gado, ba wanda ya ce uffan.

Ranar sulhu kun shimfiɗa tabarmi, aka yi addu'a. Alhaji Ummaru ya yi kuka har rawaninsa ya warware. Ya riga ya ɗauki nauyin asibiti tun daga ranar farko, ya kuma kawo hatsi gidana, ba zan ɓoye wannan ba. Kai ka ce: "Wanga abu ƙaddara ta, a yi haƙuri, kada a kai shi gaba." Kawuna ya taɓa ni da gwiwa, na ce na yafe. Ba tilasta ni aka yi ba, kuma ko yau aka sake tambayata haka zan ce. Abu ɗaya na roƙa a gaban jama'a, kada bindigar nan ta koma hannunsa. Ka ce an gama, ka sa aka kulle ta a ɗakin 'yan sintiri.

Abarshi yana wajen, a bayan ubansa, kansa a ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Motata ba ta kwanta ba, ƙanena Mustafa ke janta. Da ita ake ciyar da gidana da nasa da mahaifiyarmu. Alhaji, saboda nadama, ya rantse ba zai sake ba wata mota shata ba sai tawa, don iyalina su amfana. Ka ga irin alherin da ba a san yadda za a ƙi shi ba. Yanzu Mustafa ne ke ɗauko Abarshi ya mayar da shi.

Da damina ta kama bana, gero ya sake rufe hanya, Alhaji ya zo wajenku ya ce ba ya iya barci. Kuka buɗe ɗaki kuka ba shi bindigarsa. Ba a aiko mini ba, a bakin kamashon tasha na ji. Sannan na gani da idona. Ya daina jira a gida, yanzu rakiya yake yi. Mustafa yana gaba da yaron, Alhaji yana biye a kan babur, da wani dogon abu naɗe cikin darduma a ɗaure a bayansa. Tun daga bakin kwalta har ƙofar gida. Mustafa ya ce in ya duba madubi ba ya ganin hanya, dardumar yake gani.

Na ce masa ya bar aikin. Ya ce: "Yaya, in mun ƙi, mi za mu ci? Kuma mi za mu ce mai?"

To ka duba mini, ranka ya daɗe. Mota ƙarfe ce. Wata rana taya za ta fashe da ƙara, ko wani ya tsayar da Mustafa a hanya ya leƙo ta taga yana tambayar kwatance, ko ya kauce wa rami ya faɗa gefen gona ba zato. Mutumin da ke bayansa ba mugu ba ne. Mutum ne da tsoro ya riga ya cinye, kuma kowa ya ga abin da yake yi in ya tsorata. Ni gaisuwa kawai na yi. Na hana Mustafa ɗaga wa kowa hannu in yana tuƙi, har mutanen hanya sun fara cewa ya yi girman kai.

Na biyar, abin da na ga yana tahowa.

Duk ranar da Mustafa ya tafi ƙauyenku, nakan sa waya a cinya in yi ta kiransa. In bai ɗauka ba in sake. Ran nan ya kashe wayar saboda na dame shi, na tashi tsaye a tsakiyar tasha ban san inda zan nufa ba. Wani direba ya ce, cikin wasa, Alhaji Ummaru ya yi ƙane. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don gaskiya ya faɗa.

A makon da ya wuce na hau mota na je wajen wani maƙeri ta wajen Diggi. Ban gaya wa kowa ba. Ya fito mini da bindigogi guda biyu, na ɗora ɗaya a cinya ina dubawa. Ya kalli hannuna da ke kwance a gefe, ya ce: "Malam, da wane yatsa za ka ja kunamar?" Na mayar masa da kayansa na dawo gida.

Ina so ka fahimci wannan da kyau. Ba hankali ne ya hana ni saye ba, ba kuma tsoron Allah ba, ko da yake ina roƙon Ya ba ni duka biyun. Yatsan ne ba ya motsi. Sauran direbobin tasharmu yatsunsu lafiya lau, kuma na san aƙalla wasu sun riga sun je inda na je. Suna cewa tunda fasinja yana zuwa da mai gadi, direba ma ya sa tasa a ƙarƙashin kujera. Ranar da waɗannan biyun za su haɗu a kwalbatin nan, tabarminku ba za su isa ba.

Ga abin da nake roƙo.

A karɓi bindigar Alhaji Ummaru a mayar da ita inda ka yi alkawari a gaban jama'a, a wannan makon, kafin Mustafa ya sake zuwa. Wannan shi ne babba, in shi kaɗai za a yi mini ya ishe ni.

A tattara sauran ma a ɗakin 'yan sintiri kamar yadda aka tsara tun farko. Wanda ke tsoron hanya ya nemi rakiyar 'yan sintiri, mutanen da ba ɗansu ne a cikin motar ba.

A kira shugabannin tasharmu ku zauna, a gaya wa iyaye cewa juye fasinja al'adar aikinmu ce. Mu kuma a ɗora mana dokar kiran mai shata kafin a juye.

Sannan wani dattijo da Alhaji ke jin nauyinsa ya zauna da shi, ba don faɗa ba. A kuma tambayi Abarshi abin da yake so, ko sau ɗaya. Ran nan ya same ni a bencin tasha, ya zauna kusa da ni har aka kira la'asar. Da zai tashi ya kama hannuna na dama da hannu biyu ya riƙe. Sai da na duba na san ya riƙe.

Ba diyya nake nema ba, ba kotu ba, ban kuma janye yafiyata ba. Mahaifiyarmu tana da 'ya'ya maza biyu, hannuwa uku suka rage mata. Ita ba ta da bindiga, ba ta da babur, ƙofar gida kawai take zama har ta ji ƙarar motar.

Allah Ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, Ya ba ka ikon riƙe amanar da jama'a suka ɗora maka. Allah Ya sanyaya zuciyar Alhaji Ummaru, Ya raya masa ɗansa. Ya tsare duk wanda ya fita neman halak a kan hanya, Ya mayar da shi gida da gaɓoɓinsa.

Laraba mai zuwa Mustafa zai ɗauko Abarshi bayan azahar. Zan kasance a bencin tasha da waya a cinya. Mabuɗin ɗakin nan yana aljihunka.

Wassalam.

Naka,
Haruna, tashar Kalgo.