Kawuna Lauya Ne Ya Sa Na Goge Bidiyon

Assalamu alaikum 'yan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, shekaruna sha bakwai amma satin nan kaɗai na yi tsufan da ya isa a kira ni Hajiya Kaka.

Yayana yana tuƙa keke a Anguwan Rogo. Rannan rigimar layin fasinja ta haɗa shi da wani direba, ni kuma ina dawowa daga makaranta, maimakon in yi kururuwa sai na zaro waya na hau ɗaukar bidiyo, kun san hali. Mutumin ne ya fara caka wa Yaya sukudireba a kafaɗa, jini har kan gilashi, Yaya ya rarumi sifana ya sauke masa a baki, haƙora biyu suka zube a kwalta. Yanzu Yaya ake tuhuma wai shi ya fara, kuma ɗauri ake magana.

Lauyanmu Kawu ne, wan Mama, mutumin da har gobe ni nake sa masa data. Na ce ya riƙe wayar gaba ɗaya, ya ce ba zai shiga kotu da wayar da aka sa wa riga mai kunnen zomo ba. Sai ya ɗora tasa a kan tawa ya ɗauki bidiyon da kyamara, alhali sikirin ɗina ya fi ƙasar fadama tsagewa. Daga baya ya turo min saƙon murya wai in goge nawa kada 'yan sanda su ƙwace, na goge.

Da aka kunna a kotu, tsagar ta rufe hannun mutumin daidai wurin sukudirebar. Sifanar Yaya kuwa fes, ga inuwar hular Kawu tana lilo a kai. Lauyan ɗaya ɓangaren ya nemi na asali, babu. Mai gyaran waya ya duba ya ce sai dai haƙuri.

Kawu ya gaya wa Baba ni na goge don in samu wurin bidiyon rawa. Baba ya zane ni da wayar caja har na ga kakannina, Mama ba ta kula ni.

Saƙon muryar yana nan a wayata. In na kunna wa Baba, wallahi sai an raba shi da wuyan Kawu, amma zai canza lauya kafin zama na gaba. In na yi shiru, Kawu ne zai sake tsaya wa Yaya. Jama'a, in kunna, ko akwai wanda ya kamata ya fara ji kafin Baba?